Sabulu 10,000 da ba ya cika dozin

Wani Alhaji daga Kasuwar Singa a Kano ya aiko da tambaya. Su uku suka haɗa jari, suna sarar sabulu guda 10,000 a wurin masu yinsa, su ƙulla dozin-dozin, su zuba a kwali mai cin 24. Kullum sai an sami ragowa, rabon kuma ba ya tashi daidai, har an fara zargin yaron shago.

Alhaji, ka wanke yaron nan, laifin na lambar ne. Dubu goma tana da daɗin faɗa, amma in ka warware ta zuwa ƙananan lambobin da aka ninka da juna suka ba da ita, ba abin da ke cikinta sai 2 guda huɗu da 5 guda huɗu (2×2×2×2×5×5×5×5). Babu 3 ko ɗaya, dozin kuwa ba ya tsayuwa sai da 3. Shi ya sa kake samun dozin 833 da guda 4 a gefe, ko kwali 416 da guda 16 suna yawo a kan kanta. Wannan ragowar ce ake ba baƙo, a kai gida, a manta ba a rubuta ba.

Ga gwajin da za ka yi a tsaye gaban mai kaya: tara alƙaluman lambar. In jimlar ta rabu da 3, lambar ma za ta rabu. Na 10,000 jimlarsu 1 ce, ka ga tun nan magana ta ƙare.

Shawarata ku koma sarar 10,080. Ita in ka warware ta, 2 ce guda biyar, 3 guda biyu, sai 5 da 7 (2×2×2×2×2×3×3×5×7). Lambobi 72 ne ke raba ta ba saura, alhali 25 kawai ke raba 10,000. Dozin 840 ke nan cif, kwali 420, kowannenku ya ɗauki 140. Tana cikin jerin lambobin da masanin lissafi ɗan Indiya, Srinivasa Ramanujan, ya yi nazari a kansu a 1915, waɗanda kowace ta fi duk lambobin da ke ƙasa da ita yawan masu raba ta. Ita ce ma adadin mintocin da ke cikin mako guda, in kana son abin da za ka riƙa tuna ta da shi.

Na san wani cikinku zai ce ai ƙarin guda 8 ya isa, a sari 10,008. Gaskiyarsa, tana ba da kwali 417, kowa 139. Sai dai 139 irin lambobin nan ne masu taurin kai da ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu. Ranar da mutum na huɗu ya shigo jarin, ko ka so rarraba kasonka ga 'yan kiri biyar, rigimar ta dawo sabuwa. Kwali 420 kuwa ko ku biyu ne, ko huɗu, ko biyar, ko shida, ko bakwai, kowa zai tashi da cikakken kwali.

Ƙarin guda 80 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin kayan ba. Mai sarar dubu goma a kai a kai ma yana da bakin da zai nemi a sa masa su a gyara, don haka ka fara gwada hakan kafin ka zaro kuɗi.