Amsa: Wa ke ba ɗan kwangila izinin fara aiki?

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce an ba ka takardar kwangilar gina ajujuwa, sai wani babba a ma'aikatar ya bugo waya ya ce ka shiga fili kawai, kana tambaya ko hakan ya isa. Bai isa ba. Kada ka sauke ko tifa ɗaya ta yashi tukuna.

Izini na hannun mai aiki ne, wato hukumar da sunanta ke cikin yarjejeniya, kuma yana zuwa ta hannun injiniyan da ta ɗora kan aikin. Shi zai rubuto maka ranar farawa, a fita da kai a damƙa maka filin, a nuna maka iyakokinsa, kowa ya sa hannu. Daga wannan ranar ake ƙirga wa'adinka, da ita kuma za a ci ka tara in ka makara. A ƙa'idojin kwangila na 1999 na FIDIC, wato ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, sai injiniya ya ba ka sanarwar aƙalla kwana 7 kafin ranar. Takardar da ke hannunka yanzu albishir ce kawai cewa kai aka zaɓa.

Na ga wani abokin sana'armu da ya bi maganar baki. Ya haƙa fandisho, ya ɗaura rodi, ya zuba kankare, sai ga magada sun zo da takardun gonarsu. Aka mayar da aikin wani fili. Da ya je neman kuɗinsa aka ce ya kawo takardar da ta sa shi farawa, wanda ya bugo masa wayar kuwa an riga an yi masa canjin wurin aiki. Har yau abin yana yi mini ciwo, don bashi ya ci ya sayi simintin nan.

In aikin gwamnatin tarayya ne, dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 ce ke aiki. Kuɗin kafin alƙalami ba sa fita sai ka kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Ka kuma tambaya ko an amince da zanen ginin, wato ko hukumar tsara birane ta amince, a Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, don in babu, jan fenti za ka tarar a bango.

Ka koma wurin babban da ya bugo maka waya cikin ladabi ka ce, ranka ya daɗe, a taimaka a sa injiniya ya rubuto mini, da hatimin ofis da kwanan wata. Kafin ta fito, ka ci gaba da jin farashin kaya da shirya magina da leburorinka.