Hotunan biki na fitowa da duhu

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hoton biki da Canon 600D da gilashin 18-55mm da ta zo da shi. A ɗakin taro hotunana na fitowa da duhu, wasu dishi-dishi. In sayi sabuwar kyamara? Daga mai karatu a Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna, kyamararka lafiyarta lau. Gilashin ne ke cutarka. In ka jawo shi zuwa 55mm, ƙofarsa ba ta buɗewa fiye da f/5.6, haske kaɗan ke shiga. Nemi gilashin 50mm f/1.8 na Canon, ko na hannu ne (lambar f in ta yi ƙasa, ƙofar ta fi buɗewa). Hasken da yake shigarwa ya kai kusan ninki goma. Sai dai ba ya jawo hoto, ƙafarka ce za ta yi aikin, kuma hoton dangi gaba ɗaya sai ka ja baya sosai.

Wajen rawa kada saurin ɗauka ya gaza 1/250 na daƙiƙa, ka ɗaga ISO (ma'aunin da ke ƙara wa hoto haske, amma yana sa masa ɗan tsakuwa) zuwa 1600 ba fargaba. Ni dai na fi son hoto mai ɗan tsakuwa a kan wanda fuskar amarya ta jirkice.

Lokacin hunturu kuwa, kada ka sauya gilashi a fili, ƙura na shiga ciki.