Filin Tambaya da Amsa: Karen Kiwo Daga Gidan Karnuka Marasa Masu

Tambaya: Muna zaune a bayan garin Lidis a Ingila, gidan haya mai ɗan fili a baya. Yaranmu biyu, mai shekara 6 da mai 9, sun matsa sai an ɗauko wani Border Collie ɗan shekara biyu da suka gani a gidan kula da karnuka marasa masu. An ce ba karen da ya kai shi basira. Ni da maigidana duk muna fita aiki. Mu ɗauko shi?

Amsa: Hajiya, basirar nan da ake yabo ita ce take mayar da yawancinsu inda aka ɗauko su. Border Collie ma'aikaci ne. A tsaunukan iyakar Ingila da Sukotilan aka fitar da irinsa don tattara tumaki, kuma akasarin na yanzu jikokin wani kare ne mai suna Old Hemp da aka haifa a 1893. Ki kalle shi a bakin aiki: zai sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da ƙirji, ya kafa wa garke ido, sannan ya yi zagaye mai faɗi ya koro su wurin makiyayi. Ba koya masa aka yi ba, da shi aka haife shi. To idan babu tumaki, yaranki ne tumakin. Da sun ruga a guje zai sha gabansu, wanda ya ƙi tsayawa ya ɗan kama shi a diddige. Haka zai yi wa mai keke, haka zai yi wa mota, kuma motar ce ke kashe su. Ba mugunta ba ce, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Yana bukatar kusan awa biyu a waje kullum, ana ruwa ko ana sanyi. Amma gudu kaɗai ba ya gajiyar da shi, ƙara masa ƙarfi yake yi, kuma jifan ƙwallo ba ƙaƙƙautawa kan zame masa jaraba har ya kasa kwanciya. Abin da ke sauke shi aikin ƙwaƙwalwa ne: horo na minti biyar zuwa goma sau biyu ko uku a rana, watsa masa abinci cikin ciyawa ya nema da hanci, da koya masa zama a shimfiɗarsa ko da yara na tsalle. Shawarar ƙungiyoyin kula da dabbobi irin su RSPCA da Dogs Trust ita ce kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu. Wanda aka bari tun safe har yamma, haushi da tauna ƙofa da tonon fili ne za su biyo baya, sai kuma ƙorafin maƙwabta.

Tsarin ɗaukar ba wuya. Za ki cike takarda, su tattauna da ku, ku je ganin karen fiye da sau ɗaya tare da duk mutanen gidan, su duba shingen filinku, su nemi shaidar cewa mai gidan haya ya yarda. Akwai kuɗin da ake biya. Yawanci za a ba ki shi an yi masa rigakafi, an fiɗiye shi, an sa masa ƙaramar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, wadda doka ta wajabta a Ingila tun Afrilun 2016; ki tabbata an mayar da bayanan cikinta sunanki. Wani abu kuma da namu kan yi tuntuɓe a kansa: mu mun saba kare a tsakar gida ko a zaure yake kwana, su kuwa galibinsu ba sa ba wanda zai ajiye shi a waje. Idan shigarsa ɗaki ba zai yiwu ba saboda tsarki da wurin salla, ki faɗa musu tun farko, kada a ɓata wa juna lokaci.

Ki tambaye su dalilin da ya sa aka kawo shi, ko daga gona ya fito ko daga gida, ko ya taɓa cizo, yadda yake yi idan mota ta wuce, da ko ya taɓa faɗuwa, domin farfaɗiya na bin wannan irin. Karen gona da bai taɓa jin injin wanki ko hawa bene ba kan firgita ƙwarai. A kwana ukun farko zai iya ƙin abinci ya maƙale a lungu. Ainihin halinsa sai bayan kamar mako uku yake fitowa, sabo kuma sai an yi wata uku. A ci gaba da abincin da ya saba, in za a canza a riƙa gauraya sabon kaɗan-kaɗan cikin mako guda. Kada a sake shi a fili sai da doguwar igiya ta mita biyar zuwa goma har ya san kira. Kusa da gonar tumaki kuwa igiya dole: korar dabbobin wani laifi ne a can, kuma akwai halin da doka ta yarda manomi ya harbe karen.

A ganinmu, matashin kare ɗan shekara biyu bai dace da gidan da kowa ke fita ba. Ki nemi wanda ya kai shekara shida ko bakwai, wanda ya riga ya zauna da yara. Suna kai shekara 12 zuwa 15, ba ki yi asara ba.

Tambaya: Wani maƙwabcina a Jos ya tashi ya bar mini karensa, Alsatian, babu takardar asibiti ko ɗaya. Daga ina zan fara?

Amsa: Malam, daga likitan dabbobi, tun kafin yara su fara wasa da shi. Karen da ba shi da kati a ɗauka bai taɓa yin allura ba: a yi masa ta haukan kare, a maimaita duk shekara, kuma ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da kai. A ba shi maganin tsutsar ciki. A duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska. Idan dadashinsa ya yi fari, ko yana haɓo, ko fitsarinsa ya yi ja, a gwada jini, ciwon kaska ne ake zargi. Asalinsa shi ma karen kiwo ne daga Jamus, don haka ɗaure shi da sarƙa dare da rana ba ya mayar da shi mai gadi, mai cizon na gida yake mayar da shi. Lura da ƙugunsa: wahalar tashi ko haɗa ƙafafun baya wajen gudu alamar matsalar gaɓa ce. A raba abincinsa sau biyu, kada ya yi gudu da ya gama ci, don cikinsu kan murɗe. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa da dafaffen ƙashin kaza ba nasa ba ne. Yawo sai da sassafe ko bayan la'asar, ga inuwa ga ruwa.

Tambaya: Gaskiya ne allurar ivermectin da muke yi wa awaki tana kashe karen kiwo?

Amsa: Tana iya kashewa. Wasunsu na gadon wata tawaya a ƙwayar halitta da ake kira MDR1, wadda ke barin maganin ya ratsa zuwa ƙwaƙwalwa. Ta fi yawa a Collie mai dogon gashi da Australian Shepherd, ta yi ƙaranci a Alsatian da Border Collie, amma da ido ba a ganewa sai an gwada. Ɗan ivermectin da ke cikin ƙwayar rigakafin tsutsa da ake ba kare wata-wata ba ya cutarwa. Haɗarin yana cikin kwalbar shanu da awaki, musamman yawan da ake ba mai ƙazuwa. Alamunsa dalalar miyau, tangaɗi, buɗewar ƙwayar ido, makanta, sannan suma. Ko kashin dabbar da aka yi wa maganin kwanan nan kare ya ci zai iya kamuwa. In ka ga haka, ɗauki kwalbar ka tafi da ita wurin likita tare da karen.