In fitilar taya ta ƙi kamawa, me matuƙi ke yi?

Ɗan'uwa, ka ce jirginku ya yi ta shawagi a saman Garwa saboda fitilar taya, shin haɗari ne? Kwantar da hankalinka. Koren fitila uku da ke gaban matuƙi ke nuna tayoyi sun sauka sun kulle. In ɗaya ta ƙi, sai a fasa sauka a bi littafin ƙa'ida. Wani lokaci ƙwan fitilar ne kawai ya mutu. In ba shi ba ne, a saki tayoyin su faɗo da nauyinsu, a gilma ƙasa-ƙasa mutanen hasumiyar filin jirgi su duba.

Amma dole matuƙi ɗaya ya tsaya kan tuƙi. A 1972 a Fulorida ta Amurka duk matuƙan suka shagala da mataccen ƙwan fitila, jirgin kamfanin Eastern ya faɗi, mutum 101 suka rasu.