Yaushe gwamnati ta fara sa hannu a harkar wasanni?

Tambaya: Malam, muna gardama a majalisarmu. Wasu sun ce gwamnati ba ta taɓa damuwa da motsa jiki ba sai ƙwallon ƙafa. Haka ne? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, ka gaya wa 'yan majalisarku su sassauta. A Najeriya gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971, sannan aka yi Bikin Wasanni na Ƙasa na farko a Legas a 1973. Sai dai ba lafiyar jiki ce ta fi damun su ba. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, a 1970, ana neman abin da zai haɗa matasan jihohi a fili ɗaya. Kaduna ta karɓi baƙuncin bikin a 1977. An tsara shi duk bayan shekara biyu, amma daga na Legas a 2012 ba a sake yi ba sai na Abuja a 2018.

Ni dai a ganina maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu dabara. Gwamnatin Seyni Kountché ba ta je nesa ba, kokawar da ake yi a ƙauyuka bayan kaka ta ɗauka ta mayar gasar ƙasa. An fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ci takobi, wato kyautar da ake ba zakaran gasar. Yanzu jihohi takwas ne, kowace ta kawo 'yan kokawa goma, gasar kuma tana zagayawa daga jiha zuwa jiha. In ka taɓa kallo ka san abin da nake nufi: ɗan kokawa ya shigo da walki da layu a damtse, makaɗa na zuga shi, shi kuma yana kirari, sai ka ga ƙato ya dafa ƙasa da gwiwa, shi ke nan an kā da shi. Lokacin takobi har masu shago rediyo suke kasa wa kunne. Issaka Issaka na Doso ya ci sau shida.

Inda abokanka suke da gaskiya shi ne talaka mai son motsa jiki kawai. Gasa ake kashe wa kuɗi, filin makarantar firamare kuwa a garuruwa da dama an yanka shi an gina shaguna.