Tambayoyinku: Tiyodorik guda nawa ne?

Ina aikin makaranta kan yaƙe-yaƙen Gotawa da Rumawa. Manhajar AI ta ce Sarki Tiyodorik ya mutu a yaƙi da Attila a 451, can ƙasa kuma ta ce ya mulki Italiya har 526. Wanne zan ɗauka? (Ɗalibi, Zariya)

Haba ɗan'uwa, mutum ya mutu, ya tashi ya yi sarauta shekara 33, ba ka tsaya ka ce anya ba? Sarakuna biyu ne. Tiyodorik na farko, na Gotawan yamma, daga Tulus ta Faransa ya yi mulki, ya mutu a 451 yana taya Rumawa yaƙar Attila, sarkin ƙabilar Hun. A lokacin ba a ma haifi ɗayan ba, wato Tiyodorik Babba na Gotawan gabas, wanda ya kashe Odowakar, sarkin Italiya, a birnin Rabenna a 493, ya riƙe Italiya har 526.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Manhajar ba littafi take buɗewa ba, hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya take yi, shi ya sa idan suna ya zo ɗaya sai ta cakuɗa masu shi, ta faɗa maka ba ko inda-inda. Ku kuma ku kwafa ku kai wa malami. Tarkon yana nan kan Alarik ma: na farko ya wawashe Rum a 410, na biyu Kulobis, sarkin ƙabilar Frank, ya kashe shi a 507.

Buɗe Excel ka ja layi huɗu: suna, reshen Gotawa, birnin mulki, shekarar mutuwa. Sannan ka nemi "Theodoric I" da "Theodoric the Great" a Wikipedia, kowanne da shafinsa. Shekarar da ba ka gani da idonka a wuri biyu ba, kada ta shiga aikinka.

Tambaya ta biyu: Na kwafo haruffan Gotawa zuwa Word, sai akwatuna suka fito.

Samfurin rubutun da kake kai ba shi da su. Zaɓe su, ka mayar Segoe UI Historic. Idan waya za ka tura, mayar da fayil ɗin PDF tukuna.

Tambaya ta uku: Na rubuta "Goth" a Google, sai matasa masu baƙaƙen kaya nake gani.

Kalma ɗaya ka jefa masa. Rubuta "Adrianople 378", yaƙin da Gotawa suka kashe Balens, sarkin Rumawa.