Ku Tambayi Likita: Makonnin Farko da Na'urar Sipap

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka zo, wato na'urar CPAP, wadda masu amfani da ita ke kira sipap. Ana ba da ita ga mai ɗaukewar numfashi a barci. Idan irin wannan mutum ya kwanta, bayan harshensa da naman da ke kewaye da beli sukan saki su rufe maƙogwaro, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, sai ya zabura da minshari mai ƙarfi, ya koma barci bai ma san an yi ba. Na'urar ba iskar oksijin take bayarwa ba, iskar ɗakinka ce take turawa da ɗan ƙarfi ta cikin tiyo da takunkumin da ake ɗaurawa a fuska don ta tokare maƙogwaron kada ya rufe. Farfesa Colin Sullivan na Jami'ar Sydney a Ostireliya ne ya fito da dabarar a 1981, kuma har yau ita ce maganin farko da ake bai wa wanda ciwon ya yi masa yawa.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 52. An gwada barcina aka ce numfashina na ɗaukewa sau 38 a awa. Na sayi na'ura da kuɗi masu yawa, amma yau kwana 9 ban taɓa cika awa ɗaya da ita ba. Ji nake kamar an danna min matashi a fuska, na kasa fitar da numfashi. Uwargida ta ce kullum a ƙasa take tsintar takunkumin. In mayar da ita ne? (Daga Fagge)

Amsa: Alhaji, kada ka mayar. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne: sau 5 zuwa 14 a awa ciwo ne mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Kai kana kan 38. Irin wannan yana ƙara hawan jini, yana wahalar da zuciya, yana sa gyangyaɗi a shago da kan sitiyari. Kwana 9 kuwa bai isa a yanke wa na'ura hukunci ba. Mutane da yawa sai sun yi makonni kafin jiki ya karɓe ta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara koyo da dare, lokacin da mutum ya gaji, ɗaki ya yi duhu, zuciya ta ƙagu ta yi barci. Ka mayar da koyon rana. Kwana biyun farko, bayan la'asar, ka zauna ka riƙe takunkumin a fuskarka da hannu, ba maɗauri, ba iska, na minti 10 zuwa 15, kana sauraron rediyo. Kwana biyu na gaba ka ɗaura maɗaurin ka kunna na'urar, kana zaune dai, har minti 30. Ka rufe baki, ka shaƙa ta hanci, ka bar numfashin ya fita a hankali ba tare da ka yi kokawa da iskar ba. Daga nan ka gwada ta a ƙailula, sannan dare. Idan ka farka cikin dare ka tarar ka cire, ka mayar kawai, ko sau nawa ne. Uwargida ma ta taimaka: in ta ga takunkumin a gefe ta tashe ka, kada ta ji nauyi.

Batun kasa fitar da numfashi kuma yana da gyara a jikin na'urar. Ƙarfin iskarta daga 4 ne zuwa 20. Akwai saitin da aka rubuta wa Ramp, wanda ke fara ka da iska kaɗan, yana ƙarawa sannu a hankali cikin minti 5 zuwa 45 har barci ya ɗauke ka. Akwai kuma wani saitin da ke rage ƙarfin da maki 1 zuwa 3 duk lokacin da kake fitar da numfashi. Kamfanin ResMed na kiran nasa EPR. Ka roƙi likitanka ya kunna maka su. Amma ka lura da kyau wane irin ƙunci kake ji, don akwai waɗanda matsalarsu akasin taka ce: iskar farko ta 4 tana yi musu kaɗan, sai su ji kamar numfashi bai ishe su ba. Su ɗaga musu mafarin ake yi zuwa 6 ko 7. Ka bayyana wa likita wanne ne naka.

Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare. Wannan matakin farko ne, abin da ake so shi ne duk tsawon barcin. Kuma muna jan kunnenka a kan barcin bayan Asuba. Barcin mafarki, wanda naman maƙogwaro ya fi saki a cikinsa, ya fi yawa a ƙarshen dare. Wanda ya dawo daga masallaci ya kwanta ba takunkumi ya bar ƙofa a buɗe daidai lokacin da ɓarawo ke zuwa. Haka ma bayan sahur a watan azumi.

Tambaya: Ina da cikakken gemu da gashin baki. Takunkumina mai rufe hanci da baki ne, iska na fita ta gefe tana busa min ido, na wayi gari ido ja. Na ƙara ɗaure shi har ya ji min ciwo a karan hanci. An ce sai na aske gemu. (Malamin makaranta, Gwale)

Amsa: Malam, ba sai ka aske ba. Takunkumi iri uku ne: mai rufe hanci da baki, mai rufe hanci kaɗai, da kuma ƙarami mai 'yan robobi biyu da ke zama a bakin kafofin hanci. Na ukun nan bai taɓa gemu ko kaɗan, shi ya fi dacewa da kai, muddin kana iya numfashi ta hanci. In bakinka na buɗewa a barci sai a haɗa maka da maɗaurin haɓa. Yana zuwa da girma daban-daban, ka gwada kafin ka saya.

Ƙara ɗaurewa kuwa ƙara ɓata lamarin yake. Robar da ke bakin takunkumi an yi ta ne don iska ta kumbura ta ta manne da fata. In ka matse ta sai ta lanƙwashe ta buɗe hanya. Ka kwanta yadda kake barci, ka kunna na'urar, ka ɗago takunkumin daga fuska kaɗan ka sake shi ya zauna, sannan ka ja maɗaurin dama da hagu daidai wa daida, har yatsa ɗaya na iya shiga ƙarƙashinsa. Ka wanke fuska kafin kwanciya, kada ka shafa basilin ko wani mai, domin maiƙo na sa robar santsi kuma yana cin ta. Kowace safiya ka wanke robar da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi, ka shanya a inuwa. Ranar Kano tana busar da ita ta tsage.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: akwai wasu ƙananan huji a gaban takunkumi da iska ke fita ta cikinsu kullum. Ba lalacewa ba ce, ta nan numfashin da ka fitar yake ficewa. Kada a liƙe su da salatif, kada a rufe su da bargo.

Tambaya: Maigidana ya saba da na'urarsa lafiya lau, amma tun da hunturu ya shigo yake tashi da busasshen maƙogwaro da toshewar hanci, wani lokaci har da haɓo. Wane ruwa ya kamata mu riƙa zubawa a tankin? Na rijiyar burtsatse muke sawa. (Daga Hotoro)

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Kano ba ta da laima, ga ƙura, na'urar kuma wannan iskar take turawa cikin hanci dare guda cur. Tankin ruwan da ke jikin na'urar shi ke ba iskar laima. Ki ƙara lambar ɗuminsa da mataki ɗaya duk bayan kwana biyu har ya daina tashi da bushewa. In kuka fara jin ruwa na ƙara a cikin tiyo ko yana ɗiga a fuska, tururin ne ya huce a hanya saboda sanyin ɗaki. Sai a ajiye na'urar ƙasa da tsayin kansa don ruwan ya gangara tanki, a naɗe tiyon da tsumma mai tsabta, ko a rage lambar da mataki ɗaya. Ruwan gishirin fesa wa hanci da ake sayarwa a kemis yana taimakawa kafin kwanciya. Idan haɓon ya ci gaba, ko hancin ya ƙi buɗewa, ya je sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba ko akwai tsiro ko karkacewar ƙashin hanci. Ki kuma lura da shi yana barci: in leɓɓansa na buɗewa iska na fita, bushewar daga nan take, ƙarin ɗumi ba zai magance ta ba sai maɗaurin haɓa ko sauya takunkumi.

Ruwan da ya fi shi ne wanda aka tace ta hanyar tururi, ki neme shi a babban kemis. Ruwan burtsatse yana barin farin datti mai kama da alli a gindin tanki, tafasa shi kuma ƙwayoyin cuta kawai yake kashewa, ba ya cire wannan. In ba a samu tataccen ba, a yi amfani da ruwan gora, a zubar da ragowar kowace safiya, a bar tankin ya bushe. Dattin kuma ana cire shi da farin ruwan khal, kashi 1 a kashi 10 na ruwa, a jiƙa minti 30 a ɗauraye sosai. Ruwan batir na wajen makanikai kada ya kusanci tankin nan, domin ba ki da tabbacin ba a gauraya shi da asid ba.

Sai filta, ɗan farin ƙyallen da ke bayan na'urar inda take zuƙar iska. A hunturu ki duba shi duk mako, da ya yi launin ƙasa ki canza, ko bai kai wata ba. Mun san ɗakin mace ba ya rabuwa da turaren wuta, amma a turara tun da wuri a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin a kunna na'ura. Maganin sauro na kunnawa ma haka. Gidan sauro ya fi, a shigo da tiyon ta ƙasansa.

Tambaya: In aka ɗauke wuta ina barci, ba zan shaƙe ba? (Daga Kurna)

Amsa: Ba za ka shaƙe ba, ɗan'uwa. Takunkumi mai rufe baki yana da ɗan marfi da ke buɗewa da kansa idan iska ta tsaya, mai na hanci kuma bakinsa zai buɗe. Za ka farka, sai ka cire shi. Illar ita ce ragowar daren ka kwana ba magani, don haka kada ka dogara da wutar KEDCO kaɗai. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da kimanin watt-awa 1,200, rabinsa ake so a ci don ya daɗe, wato 600. Ko da na'urar ta ja watt 60 na awa 8, 480 ke nan, ya kai ka safiya. Tankin ɗumama ruwa ne ke cin mafi yawan wutar. In batir ya yi rauni ka kashe ɗumin, na'urar za ta yi aikinta. Ka saka ta a bayan abin kare kayan wuta daga hauhawar lantarki. Janareta kuwa ya kasance can waje nesa da taga, domin hayaƙinsa na kisa, na'urar kuma duk iskar da ta samu ita za ta tura maka.

Tambaya: Ina tashi cikina a kumbure, ina ta gyatsa. (Daga Tarauni)

Amsa: Iska kike haɗiya, 'yar'uwa, galibi saboda ƙarfin ya ɗan yi yawa. Ki ɗaga kan gado kaɗan, ki bar awa 2 zuwa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. In ya wuce mako biyu likita ya rage ƙarfin, ko ya mayar da na'urar kan tsarin da take daidaita kanta.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas. Ina minshari sosai, barci na fizgata a hanya. Wani zai sayar min da na'urar mahaifinsa ta hannu. In karɓa in fara? (Daga Na'ibawa)

Amsa: Malam, barcin da ke fizgarka a kan sitiyari ya fi damun mu. Don girman Allah ka dakata da doguwar tafiya har a duba ka, ran mutane ne a hannunka tare da naka. Ka fara da gwajin barci ta hannun likitan ƙirji, domin ƙarfin da aka saita wa wani ba lallai ya yi maka ba: in ya yi kaɗan maƙogwaro zai ci gaba da rufewa kana zaton kana shan magani, in ya yi yawa ya hana ka barci. Ka guji turamol, kodin da ƙwayoyin barci, duk suna ƙara danne numfashi.

In likita ya tabbatar kana buƙata, ta hannu na iya yi da sharaɗi. A duba adadin awannin da ta yi aiki, yana nan cikin allonta. A sayi sabon takunkumi, tiyo, tanki da filta. A kuma duba sunanta da shekarar ƙira, domin a watan Yuni 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, har da DreamStation ta farko, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana rududdugewa, zafi da laima kuma suna hanzarta hakan. In ka ga baƙin gari a tiyo ko a mafitar iska, kada ka saka ta a fuskarka. Bayan an saita maka, ka riƙa duba lambar AHI da allon ke nunawa kowace safiya, wato yawan ɗaukewar numfashi a awa, ƙasa da 5 ake nema. Ka koma wurin likita da na'urar ko ɗan katin da ke jikinta bayan wata guda, shi zai faɗa maka ranar da za ka koma kan hanya.